Babi na Shida: Ina Magani Yake Zuwa Bayan Ya Shiga Jini?

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon daji, wato kansa, ya ga abin da ƙarin ruwan maganin kansa yake yi wa jiki. Gashi ya zube, baki ya yi gyambo, amai ya hana cin abinci, jini ya yi ƙasa. A irin wannan hali ne 'yan uwa kan tare likita su tambaye shi: "Likita, shin babu maganin da zai tafi kai tsaye wurin ciwon, ya bar sauran jiki ya huta?"

Akwai irin wannan magani, kuma an daɗe ana nemansa. Tun farkon ƙarni na 20 likitan nan na Jamus, Paul Ehrlich, ya yi burin samun maganin da zai nemo cuta da kansa ya kashe ta ba tare da ya taɓa lafiyayyen nama ba. Sai a 1975 hanya ta buɗe, lokacin da Georges Köhler da César Milstein suka gano a Kambirij ta Ingila yadda za a riƙa samar da antibodi iri ɗaya tak da yawan gaske. Daga nan aka dukufa wajen ɗaura wa antibodi guba a tura shi farautar ƙwayoyin kansa. Masana suna taƙaita sunan wannan rukunin magunguna da ADC.

To amma amsar ta haifi wata tambayar da ta fi ta nauyi. Idan an zuba maganin a jijiya, ta yaya za a san cewa gubar ta isa inda aka aike ta, ba ta zube a hanya ba? Tun kafin a yarda a gwada shi a jikin ɗan Adam, dole a samo amsar a jikin dabbobin gwaji, kuma ana samo ta ne daga 'yan ɗigon jini.

Raƙumi, kaya da igiya

Mu ɗauki ayarin gishiri da ya taso daga Bilma zuwa Agadas. Akwai raƙumi da ya san hanya, akwai kantun gishiri a bayansa, akwai igiyar da ta ɗaure kayan. Haka maganin ADC yake, sassa uku ne aka haɗa.

Raƙumin shi ne antibodi, wato furotin ɗin da garkuwar jiki take ƙerawa don ya gane wata alama guda ya manne mata. A maganin Kadcyla da na Enhertu, alamar da yake nema ita ce HER2, wadda take yin yawa a fatar ƙwayoyin wasu nau'o'in kansar mama. A maganin Adcetris kuwa alamar ita ce CD30, ta kansar da ake kira Hodgkin.

Kayan da ya ɗauko guba ce mai tsananin ƙarfi. Ta Kadcyla, mai suna DM1, an samo asalinta daga sinadarin wata bishiya ta ƙasar Habasha da aka gano a 1972. Ta Adcetris, mai suna MMAE, an kwaikwayo ta ne daga sinadarin wata dabbar teku mai laushin jiki da ke Tekun Indiya. An taɓa gwada iyayen waɗannan gubobi su kaɗai a jikin majinyata, aka haƙura, domin adadin da jiki zai iya jurewa bai isa ya yi maganin ciwon ba.

Igiyar kuwa wani ɗan sinadari ne da aka tsara ya riƙe gubar gam muddin ana cikin jini, ya sake ta bayan ƙwayar kansa ta haɗiye maganin. Duk nasarar maganin a kan wannan igiyar ta rataya. Abin da ke isa ga ƙarin kansa daga cikin maganin da aka zuba sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ragowar yana ta yawo a jini kwana da kwanaki, yana ratsa hanta da ɓargo da jijiyoyi. Idan igiyar ta yi rauni, waɗannan sassa ne za su sha gubar.

Me ya sa ruwan jini?

Idan aka zuba jini a kwalba mai maganin hana daskarewa, aka sa shi a na'urar da ke wulwula shi da sauri, zai rabu biyu. Jajayen ƙwayoyi su kwanta a ƙasa, wani ruwa mai launin ɗorawa ya taso sama. Wannan ruwan, wanda likitoci ke kira filasma, shi ne kusan kashi 55 cikin 100 na jini, kuma a cikinsa magani yake tafiya.

Dalilin zaɓarsa a bayyane yake. Ba za a iya yanka hanta ko ƙari a duba kowace safiya ba, amma ana iya ɗibar jini sau da dama daga dabba guda: minti kaɗan bayan allura, bayan awa shida, bayan kwana ɗaya, kwana uku, mako guda, har mako uku ko fiye. Kowace ɗiba kamar zango ce da madugu ke tsayawa ya ƙirga ayarinsa. Idan aka jera sakamakon a takarda, sai a ga layin da ke nuna yadda maganin ya hau, da saurin saukarsa, da lokacin da rabinsa ya bar jini.

Sai dai aikin yana da wuya ta fuska biyu. Na farko, jinin ɓeran gwaji gaba ɗayansa bai wuce mililita biyu ba, wato bai kai rabin ƙaramin cokalin shayi ba, don haka ɗigo kaɗan kawai ake iya ɗiba. Wannan ya dace da ƙa'idar da Russell da Burch suka shimfiɗa a 1959, ta rage yawan dabbobin gwaji da sauƙaƙa musu wahala da neman abin da zai maye gurbinsu. Na biyu, ruwan jini cike yake da furotin na dabbar kanta, giram 60 zuwa 80 a kowace lita, alhali abin da ake nema wani lokaci bai kai nanogiram ɗaya a mililita ba. Nanogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram.

Ƙirga uku, ba ɗaya ba

Idan farasitamol ne, tambaya ɗaya ce: nawa ne a jini? Ƙwayar sinadarinsa iri ɗaya ce, ko tana nan ko ba ta nan. ADC kuwa tun daga cikin kwalbarsa gauraye yake. Wani antibodin yana ɗauke da guba biyu, wani huɗu, wani takwas, wani ma ba komai. A Kadcyla matsakaicin adadin ya kai kusan 3.5, a Adcetris kusan 4, a Enhertu kusan 8. Da zarar maganin ya shiga jini kuma, wannan rabo zai fara canzawa, domin wasu suna zubar da kayansu, wasu kuma jiki yana kawar da su da wuri.

Saboda haka masu bincike suke yin ƙirga uku a kowane zango. Na farko, raƙuma nawa suka rage gaba ɗaya, masu kaya da marasa kaya. Wannan shi ne jimillar antibodi. Na biyu, raƙuma nawa ne har yanzu da kaya a bayansu, ko kuma kantu nawa ne har yanzu a ɗaure. Wannan shi ne maganin da ke da sauran ƙarfin aiki. Na uku, kaya nawa ne suka faɗo suke yawo su kaɗai. Wannan ita ce sakakkiyar guba.

Amfanin yana cikin kwatanta ukun. Idan layin jimillar antibodi da layin antibodi mai kaya suka sauka tare kafaɗa da kafaɗa, igiya tana riƙe. Idan na biyun ya faɗi ya bar na farkon a sama, kaya suna zubewa, ko da kuwa ƙirgan farko yana nuna jini cike da magani. Mai binciken da ya tsaya a kan lamba ɗaya zai iya rubuta rahoton cewa maganinsa yana daɗewa a jini, alhali raƙuma ne ke yawo babu kaya.

Faranti mai ramuka 96

Tsohuwar hanyar ƙirga antibodi ita ce gwajin ELISA, wanda Eva Engvall da Peter Perlmann suka bayyana a Suwidin a 1971. Irinsa ne ake amfani da shi a asibitoci da dama wajen tantance jinin da aka bayar gudummawa, don neman ƙanjamau da ciwon hanta.

Ana ɗaukar farantin roba mai ƙananan ramuka 96. A shafa wa gindin kowane rami wani abin kamu, misali ita alamar HER2 ɗin, a zuba ruwan jinin da aka tsarma. Maganin zai manne, sai a wanke sauran tarkacen. Daga nan a zuba wani antibodi na biyu mai ɗauke da enzayim da ke sauya launin ruwa. Gwargwadon yawan maganin, gwargwadon duhun launin. Na'ura ta karanta launin, a kwatanta da na wasu ramuka da aka zuba wa adadin da aka riga aka sani.

Idan ana son ƙirga masu kaya kaɗai, sai a yi amfani da abin kamun da ke gane gubar ita kanta. Wanda ya zubar da kayansa duka ba zai kamu ba.

Hanyar tana da araha, tana da sauri, tana gano ɗan ƙaramin adadi. Amma tana da makanta guda: a wurinta, antibodi mai guba ɗaya da mai guba takwas duk "mai kaya" ne. Wani lokaci ma gubar da ke jikin antibodin tana tare wurin da abin kamu zai riƙe, sai mai kaya da yawa ya ba da launi daban da mai kaya kaɗan. Ma'aunin da ake kwatantawa da shi kuma sabon magani ne daga kwalba, mai cikakken kaya, alhali wanda ya yi mako guda a jini ya riga ya sauya. Shi ya sa ake gwada kowace hanyar ELISA da antibodi masu kaya daban-daban kafin a amince da ita.

Na'urar da ke auna nauyin ƙwayar sinadari

Hanya ta biyu, wadda ake kira LC-MS, matakai biyu ce. Da farko ana tura ruwan ta cikin wani siririn bututu da aka cusa wa ƙananan ƙwayoyi. Kowane sinadari yana da irin saurinsa a cikin bututun, don haka suna fitowa bi da bi. Sannan a fesa su cikin na'urar da ke ba su cajin lantarki ta auna nauyin kowanne. Dabarar fesawar ce ta sa John Fenn ya samu rabo a kyautar Nobel ta 2002, domin ita ta ba da damar auna manyan furotin ba tare da sun wargaje ba.

Wannan na'ura ce ake dogara da ita wajen ƙirga sakakkiyar guba. A ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari da ake kira dalton, nauyin MMAE kusan 718 ne, na antibodi kuwa kusan 150,000. Sai a zuba wa ruwan jinin wani sinadari da ke sa manyan furotin su dunƙule su kwanta, a tsame ruwan sama a auna. Kafin a fara, akan ɗiga adadi sananne na wata tagwayen gubar da aka ƙara wa nauyi kaɗan. Duk asarar da aka yi a wajen aiki za ta shafi su biyun daidai, don haka kwatanta su yana gyara lissafi.

Yanzu an saba haɗa hanyoyin biyu. Ana zuba wasu ƙananan ƙwayoyi masu maganaɗisu da aka lulluɓe da abin kamu. Su cafko maganin daga cikin ruwan jini, a jawo su gefe da mayen ƙarfe, a wanke. Daga nan hanya ta rabu uku. Za a iya daddatsa antibodin da enzayim tirifsin a auna wani gutsure da babu irinsa a jikin dabbar, a samu jimillar antibodi. Za a iya tsinke igiyar da gangan da wani enzayim kamar fafayin, wanda ake samu daga gwanda, a ƙirga gubar da ta saku, a samu adadin da ke ɗaure. Ko kuma a auna maganin ɗungurungum yadda yake. A irin su Adcetris kowace guba da igiyarta suna ƙara kusan dalton 1,300, don haka nauyin da na'ura ta nuna yana faɗin kaya nawa suka rage. Masu bincike na kamfanin Genentech sun wallafa irin wannan awo na magani ɗungurungum daga ruwan jini a 2011.

Yawan kaya ba shi ne riba ba

Mutum zai zaci cewa ƙara guba a kan kowane antibodi zai ƙara ƙarfin magani. Awon jini ne ya gyara wannan zato. A 2004 masu bincike na kamfanin Seattle Genetics suka ware antibodi mai MMAE biyu, da mai huɗu, da mai takwas, suka gwada kowanne daban. A kan ƙwayoyin kansa da aka raina a faranti, mai takwas ya fi ƙarfi. A jikin ɓeraye kuwa mai huɗu ya yi aiki daidai da mai takwas, kuma dabbobin sun fi jure shi. Da aka duba jini sai aka ga dalili: mai takwas yana barin jini da sauri fiye da sauran. MMAE ba ta son ruwa, idan ta yi yawa a jikin antibodi sai hanta ta yi saurin tsame shi.

Wannan binciken ya sa aka daɗe ana tsayawa a kan huɗu ko ƙasa da haka. Enhertu, wanda aka amince da shi a Amurka a 2019, ya kai takwas ne bayan an tsara masa wata igiya da wata guba da ba sa sa jiki ya yi saurin kawar da shi, kuma da awon jinin dabbobi aka fara tabbatar da hakan.

Inda awo ke iya ɓatar da mai awo

Akwai tarkuna huɗu da duk mai wannan aiki ya sani.

Na farko yana cikin kwalbar gwaji. Sakakkiyar guba kaɗan ce ƙwarai idan aka kwatanta da ɗaurarriya. A ce a cikin jini akwai dubu ɗaya a ɗaure, guda ɗaya a sake. Idan kashi 1 cikin 100 kacal ya tsinke bayan an ɗebi jinin, saboda zafi ko jinkiri, na'ura za ta ga goma sha ɗaya a maimakon ɗaya. Shi ya sa ake dasa kwalbar a ƙanƙara nan take, a raba ruwan da wuri, a adana shi a firiza mai sanyin digiri 70 zuwa 80 ƙasa da sifili, a kuma ƙirga sau nawa aka narkar da shi.

Na biyu shi ne bambancin dabba da mutum. A jinin ƙaramin ɓera akwai wani enzayim mai suna Ces1c da ke iya tsinke irin igiyar da ake yawan amfani da ita da MMAE, alhali igiyar tana da ƙarko a jinin mutum da na biri. A 2016 aka tabbatar da cewa shi ne mai wannan aika-aika. Wanda bai san haka ba zai iya watsar da magani mai kyau saboda laifin jinin ɓera. Yanzu akan jiƙa maganin a ruwan jinin ɓera da na biri da na mutum a kwalabe daban, a zafin jiki na digiri 37, a kwatanta tun kafin a taɓa dabba mai rai.

Na uku, kaya suna iya sauya raƙumi. An gano tun 2008 cewa wani nau'in ɗauri yana kwancewa a hankali, gubar da igiyarta su koma jikin albumin, furotin ɗin da ya fi kowane yawa a ruwan jini. Irin wannan guba ba ta kan antibodi, kuma ba ta cikin sakakku, don haka tana iya ɓacewa daga ƙirga ukun duka. Idan lissafi ya ƙi cika, a nan ake fara nema. Bincike na 2012 ya kuma nuna cewa wurin da aka ɗaura igiyar a jikin antibodi yana ƙara ko rage wannan kwancewa.

Na huɗu, jikin dabbar yana iya ɗaukar maganin a matsayin baƙo ya ƙera masa nasa antibodin. Wannan yakan faru bayan mako ɗaya ko biyu, sai a ga magani ya ɓace daga jini farat ɗaya. Dole a yi gwaji na daban don a bambance ko laifin maganin ne ko martanin dabbar. A jinin biri akwai ƙarin wahala, domin antibodinsa ya yi kama da na mutum sosai, abin kamun da ya yi aiki lafiya a jinin ɓera zai iya cafko na birin ya haɗa a lissafi.

Wa ke duba mai dubawa?

Hukumomin magunguna ba sa karɓar lamba sai an nuna musu cewa ma'aunin da ya fitar da ita mai gaskiya ne. A 2022 aka amince da ƙa'ida ta bai ɗaya mai suna ICH M10, wadda Amurka da Tarayyar Turai da Japan da wasu ƙasashe suke bi. Ana zuba adadin magani sananne a ruwan jini mai tsabta, a auna shi sau da dama a ranaku daban-daban. A hanyar LC-MS kuskure bai kamata ya wuce kashi 15 cikin 100 ba, ko kashi 20 a mafi ƙanƙantar adadin da hanyar ke iya aunawa. A irin su ELISA iyakar ita ce kashi 20, ko kashi 25 a can ƙarshen ma'auni. Bayan an gama, akan sake ɗauko wasu daga cikin kwalaben dabbobin a maimaita awonsu a wata rana, a ga ko sakamakon zai dawo yadda yake.

Wannan tsanani yana da dalili. Mylotarg, ADC na farko da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2000 don wata kansar jini, an janye shi daga kasuwa a 2010 bayan wani babban gwaji ya kasa nuna amfaninsa, kuma mace-mace sun fi yawa a ɓangaren waɗanda suka karɓe shi. Ya dawo a 2017 da ƙaramin adadi da aka rarraba kashi-kashi, miligiram 3 a maimakon 9 ga kowace murabba'in mita ta faɗin jiki. Maganin bai canza ba, sanin adadin da jiki ke ɗauka da lokacin ba da shi ne ya canza. Duk abin da aka fahimta da kyau tun daga jinin dabba, an rage wa majinyaci koyonsa da jikinsa.

Ke nan amsar tambayarmu ita ce: ana sanin inda maganin ya nufa ta hanyar ƙirga jimillar antibodi, da wanda ke ɗauke da guba, da gubar da ta saku, a lokuta daban-daban, da ma'aunin da aka riga aka jarraba gaskiyarsa. Amma ɓera mai nauyin giram 25 ba mutum mai kilo 60 ba ne. A babi na gaba za mu ga yadda ake ɗaukar waɗannan lambobi na ɓera da biri a fitar da adadin farko da za a zuba a jijiyar mutum, da irin sharuɗɗan da ke kare wanda ya amince a fara gwajin da shi.